Wane rezin zan zuba a kantar kicin: mai araha, mai tsada, ko na masu faiba?

Kafintan Kurna

Assalamu alaikum, manyanmu. Shawara nake nema kafin in kashe kuɗin mutane. An ba ni aikin kantar kicin a wani sabon gida nan Kano. Mai kusurwa ce, ɓangare ɗaya mita 3, ɗayan mita 1.8, faɗi santimita 60. Uwargidan ba ta son tayil saboda dattin da ke maƙalewa a layukansa. Fari sol take so mai jijiyoyin ruwan toka kamar mabul, kuma kada a ga mahaɗi ko ɗaya. Akwai babbar taga ta yamma, rana tana sauka a kan kantar tun daga bayan azahar har faɗuwarta. Za a dasa murhun gas da sinki a ciki.

Na zaga kasuwa na samo farashin rezin uku, wato ruwan robar nan da ake zubawa ya daskare ya yi tauri. Na farko efoksi ne da ake aunawa a kilo daga jarka, ba suna ba takarda, mai shagon dai ya ce biyu da ɗaya ake haɗawa, biyu na rezin, ɗaya na hadina, ruwan da ke sa shi daskarewa. Na biyu efoksi ne mai suna, da takardar bayaninsa, an rubuta na saman tebur ne, kuɗinsa kusan ninki biyu na na farko. Na uku foliyesta ne, rezin ɗin masu aikin faiba, wato zaren gilashi, shi kuma rabin kuɗin na farkon.

Niyyata in haɗa akwatin katako in zuba kauri santimita 2, ya fito kamar falan dutse. Da na buga lissafi, ko da na jarka ne kuɗin rezin kaɗai ya wuce abin da muka yi ciniki. Na san araha ba ta ado, amma kuma ba kowace tsada ce nagarta ba. Wanne zan saya, kuma a ina zan iya rage kuɗi ba tare da aikin ya dawo mini ba? A watan Afrilu za a yi zubin.

Injiniyan Sinadarai

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, kafin a zo kan wanne ya fi, fara janye maganar santimita 2 ɗin nan, ita ce ta cinye maka ciniki. Lita ɗaya ta rezin tana rufe murabba'in mita ɗaya da kaurin milimita ɗaya, ko wane kamfani ya yi shi. Kantarka mita 4.8 sau 0.6, murabba'in mita 2.88 ke nan. Kaurin milimita 20 zai sha lita 57 da 'yan kai. Lita ɗaya ta efoksi wajen kilo 1.1 ce, ka ga kilo 63. Bayan tsadar ma, falan efoksi zalla ba dutse ba ne. In ka ɗora shi a kan kabad ba abin da ya tare shi a tsakiya, zafin bazara zai sa ya riƙa lotsawa a hankali har ruwa ya fara kwanciya a wuri ɗaya.

Yadda ake yi, jikin kantar katako ne, rezin fata ce kawai a kai. Ka ƙara bakin gaba mai tsawon santimita 4, wurin da za a rufe ya zama kusan murabba'in mita 3.1. Shafin farko na toshe ƙofofin katako zai ci kamar lita ɗaya. Zubin launi milimita 1.5, lita 4.6. Zubin ƙarshe marar launi, shi ma haka. Ka ƙara kashi 15 cikin ɗari na abin da zai tsiyaye ta gefe da wanda zai maƙale a bokiti, ka tashi da lita 12, wato kilo 13. Yanzu sake duba farashinka: kilo 13 na mai tsadar bai kai rabin kuɗin kilo 63 na mai arahar ba. Kaurin da ido ke gani daga bakin katakon yake zuwa, mai kallo ba zai san cewa rezin ɗin milimita 3 ne ba.

Abu na biyu, efoksi iri biyu ne kuma ba a musanya su. Na saman tebur yana da kauri kamar zuma, yawanci ɗaya da ɗaya ake haɗa shi, yana baje kansa ya tsaya a milimita 2 zuwa 3, kuma yana daskarewa da sauri. In ka zuba shi santimita 2 a lokaci guda zai ɗau zafi daga ciki, ya yi hayaƙi, ya koma ruwan ƙwai, ya tsage. Na zubi mai zurfi kuwa ruwa-ruwa ne, sau da yawa biyu da ɗaya, an yi shi ya daskare a hankali cikin kwana biyu zuwa uku don kada ya yi zafi. In ka shimfiɗa shi siriri a kan kanta zai gudu ta gefe ya bar bakin tsirara, ƙura ta yi kwana biyu tana sauka a kai, sannan fatarsa ba ta kai ta na tebur tauri ba. Na jarkar nan mai biyu da ɗaya ba ka san wanne ba ne. Yana iya zama na zurfi, yana iya zama na daɓen ƙasa.

Kuma biyu da ɗayan, a mudu ne ko a sikeli? Hadina ta fi rezin rashin nauyi, don haka biyu da ɗaya a awon lita yakan zama wajen 100 da 45 a awon sikeli, ba 100 da 50 ba. A efoksi hadina ba yisti ba ce da za ka ƙara don abu ya yi sauri. Kowane ɓangare yana neman abokinsa ne daidai gwargwado, abin da ya yi saura a kowanne yana nan a ciki bai ƙulla da komai ba, shi ne ke sa aiki ya yi laushi ko ya riƙa danƙo har abada. Masu gyaran jikin mota sun saba ƙara hadina in suna sauri, a nan wannan ɗabi'a ɓarna ce.

To me kake biya a mai tsadar? Abu uku. Na ɗaya, rashin sirki. Hanya mafi sauƙi ta karya farashin efoksi ita ce a tsinka shi da tina ko wani sinadari mai araha da ba ya shiga cikin ƙullin. Wanda ke tashi a iska zai tashi ya bar aikin ya ja jiki, wanda ba ya tashi ya zauna ya hana shi tauri. Na biyu, irin hadinar. Akwai masu araha da ke saurin komawa ruwan ɗorawa kuma suna fitar da wani maiƙo a sama in akwai danshi, akwai masu tsada da ke daɗewa garau. Na uku, maganin rana da ake zubawa a ciki. A nan kada wani ya ruɗe ka, duk efoksi yana rinewa in ya daɗe a hasken rana, maganin jinkirtawa kawai yake yi. Sai dai a farar kanta gaban tagar yamma, jinkirin shi ne dukan cinikin.

Ba na cewa duk na jarka jabu ne. Wani mai kyau ne aka sayo a duro ake rabawa. Ba ka sani ba ne kawai, kuma sanin bai fi ƙarfin rabin kilo na kowanne ba. Yanko guntayen MDF, falankin garin katako da aka matse, santimita 20 sau 20, ka zuba kowanne milimita 3 da farin launin da za ka yi aiki da shi. Bayan awa 72 danna farce da ƙarfi, kada ya bar alama. Bayan kwana 7 ɗora kofin silba cike da tafasasshen ruwa na minti goma, ka duba ko ya bar zobe. Ɗiga manja, zoɓo, da gangamau da aka kwaɓa da mai, su kwana, ka goge da sabulu. Sannan ka rufe rabin kowane guntu da takardar alminiyam ka ajiye a kan rufin kwano sati biyu. In ka cire takardar, layin da ke tsakanin rabin biyu zai gaya maka abin da taga za ta yi wa kantar nan gaba. Gwajin sirki kuma, zuba giram 100 na haɗaɗɗen a faffaɗan faranti, ka auna ranar, ka sake aunawa bayan sati. Mai kyau kusan ba ya rage nauyi. In giram da dama sun tafi, tina ka saya da kuɗin rezin.

Mai Faiba

Injiniya ya yi bayani, Allah ya ƙara ilimi. Ni zan yi magana kan na uku, tunda shi ake rainawa. Foliyesta ba rezin banza ba ne, da shi ake yin mabul ɗin zubi na banɗaki da sinki a masana'antu, kuma shi ne ke riƙe da garin dutse a falan kwaz da ake shigowa da shi. Amma ba a zuba shi a kan katako kamar efoksi. In ka yi haka abu uku za su same ka. Yana jan jiki sosai wajen daskarewa, kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari na girmansa, sai ya banƙare katakon ko ya ɗago daga gefe. Ba ya kama itace kamar yadda efoksi ke kamawa. Sannan fuskar da iska ke taɓawa takan zauna da danƙo in ba an sa masa kakin da ke tasowa sama ya rufe ba, in kuma an sa, sai an goge an yi folish kafin ya yi sheƙi.

Hanyarsa ita ce zubi a kife. Ana yin mol, wato mazubin da zai ba shi siffa, da gilashi ko falanki mai santsin melamin, a shafe shi da kakin cirewa sau da yawa. A fesa jelkot, rezin da zai zama fatar waje, marar launi, kaurin rabin milimita, wajen giram 600 a murabba'in mita. Idan ya kama, ka taɓa yana ɗan danƙo amma bai biyo yatsa ba, sai a zuba kwaɓin: rezin kashi 25, garin farar ƙasa, wato kalsiyam kabonet, kashi 75, a awon nauyi. A ja jijiyoyin da sanda, a girgiza teburin minti goma zuwa sha biyar kumfa ta taso. Garin shi ke rage jan jiki, shi ke shanye zafi, shi kuma ke rage kuɗi.

Ga lissafin kantarka. Kwaɓin nan lita ɗaya kusan kilo 2 ne, lita 57 zai zama kilo 114. Rezin a ciki kilo 28 zuwa 29, gari kilo 86, jelkot kusan kilo 2. Da farashin da ka kawo, kilo 29 na foliyesta daidai yake da kuɗin kilo 14 da rabi na efoksin jarka. Ka ga arahar ta riga ta gudu tun ba ka sayi jelkot, kaki, da kayan mol ba. Masu yin sa suna cin riba ne saboda mol ɗaya yana fitar da kanta da yawa. Aiki ɗaya tal, mai kusurwa, a gidan mutane, ba na ba ka shawara. Ga nauyi, ga mahaɗi dole a kusurwa, wanda uwargida ta ce ba ta so. Ga warin sitayirin, sinadarin da ke tashi daga foliyesta, da zai kori mutanen gidan da maƙwabta in ka yi a can.

In wata rana ka shiga harkar, riƙe waɗannan. Jelkot ya zama mai ingancin nan da ake kira ISO-NPG, na talaka mai araha yana dusashewa da ruwan zafi. Rabin milimitan nan shi ne dukan kariyarka, in wuƙa ta ratsa shi ta kai ga garin, lemon tsami da tsamiya suna cin farar ƙasa. Masu son abin da za a goge ya dawo sabo suna sa garin ATH, wani farin garin sinadarin alminiyam, a madadin farar ƙasa, irin wanda ke cikin Corian na kamfanin DuPont, kodayake shi da akirilik ake haɗa shi. Ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma yana son injin zuƙe iska. Ruwan MEKP, wanda ke sa foliyesta daskarewa, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na nauyin rezin, a zafin Afrilu ka tsaya a 1, wato kamar mililita 10 a kilo, ka auna da sirinji. Kada ka kuskura MEKP ya haɗu da kobal, ruwan hanzarta daskarewa mai launin shuɗi-ja ɗin nan, kai tsaye, wuta yake tashi. Ɗigo ɗaya na MEKP a ido yana iya makantarwa. In kuma ka ce yashi ko garin kwaz za ka cika da shi don araha, kada ka yanka ko ka goge a bushe. Ƙurar silika ce ta lalata huhun masu yankan falan kwaz har Ostireliya ta haramta irin wannan falan daga 1 ga Yulin 2024.

Kafintan Kurna

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bar maganar santimita 2 da ta faiba. Tambaya ɗaya ta rage. Tunda zubi uku ne, me zai hana in yi na farko da na launi da na jarka, in sa mai tsadar a na ƙarshe kawai? Da haka kilo 5 ko 6 na mai tsada ya ishe ni. Kuma wane katako zan sa a ƙasa?

Baba Mai Fenti

Yaro, dabararka tana yi, amma ba a wannan aikin ba. Da baƙa ce kantar ko ruwan ƙasa mai duhu, kuma na jarkar ya ci gwajin farce, sai in ce bismillah, don in ya rine ba mai gani. Fari kuwa, zubin sama gilashi ne, duk abin da na ƙasa ya zama shi za a gani. Efoksi mai araha ba rana kaɗai ke rina shi ba, zafi da tsufa ma suna yi, ko a cikin duhu. Garin neman gira kada ka rasa ido. Shafin farko kaɗai za ka iya yi da na jarka, tunda launi zai binne shi, kilo ɗaya ke nan, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Kuma in na ƙasa ya fi na sama laushi, turmi ko gwangwani ya faɗo, fatar sama ce ke fashewa.

Inda za ka rage kuɗi na gaskiya shi ne farin. Kada ka ce rezin ne zai rufe launin katako. Shafa farin firaima mai kama jiki sau biyu, ka goge da samfefa mai lamba 220, kantar ta zama fara tun kafin rezin ya taɓa ta. Da haka zubin launi zai iya sauka zuwa milimita ɗaya, ka tsira da kusan kilo 2. Launin da kake zubawa cikin rezin kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari, kuma ya zama na efoksi ko na gari. Fentin ruwa ba ya shiga, yana hana shi daskarewa.

Katako, MDF ya fi santsi kuma ba ya motsi, amma ruwa ne ajalinsa. Samu mai jure danshi, mai koren ciki, milimita 18, ka ninka biyu a baki. In ba shi, filawud mai kyau. Ko wanne ne, shafe ƙasansa da duk gefensa da efoksi, musamman ramin sinki. In ka rufe sama ka bar ƙasa, katakon zai sha danshin Agusta ta ƙasa, ya bushe da hunturu, ya banƙare. Ka yanke ramukan sinki da murhu kafin zubi. Mahaɗin kusurwa ka manne shi da gam da dunƙule ta ƙasa, ka cike, ka ɗora siririn ƙyallen faiba a kai, in ba haka ba nan ne layin tsaga zai fito. Bakin gaba ka zagaye shi da rauta, milimita 3 zuwa 6, rezin ba ya zama a kan kaifi. Sa lebul ta kowace fuska, don milimita 2 na karkata a zubin milimita 1.5 yana nufin wani gefe ya yi tafki, wani ya bushe.

Sai Afrilu. Takardar mai tsadar za ta ce kana da minti 30 ko 40 na aiki, a digiri 25 aka auna. Duk ƙarin digiri 10 yana raba lokacin biyu, kicin kuma da rana yana haura 35 a bazara. Shafin farko ka yi shi da yamma lokacin da zafi ke sauka, katako yana zuƙar iska ne a lokacin, ba ya hurowa, kumfa ba za ta dame ka ba. Manyan zubin ka yi su bayan isha ko kafin asuba. Ajiye galan-galan ɗin a ɗaki mai sanyi tun da rana. Kada ka haɗa fiye da lita 2 a bokiti ɗaya. Juya minti uku kana kankare gefe da gindi, juye a sabon bokiti, ka ƙara minti biyu, sannan ka zubar da shi duka a kan kantar nan take. A bokiti yake tafasa, a shimfiɗe yana jiranka. Kuma kada ka kankaro ragowar bokiti a kan aiki, wannan ɗan abin da bai haɗu ba shi ne tabon da zai zauna yana danƙo.

Kumfa, wutar gas ta hannu daga nesa kamar taƙi ɗaya, kana tafiya ba tsayawa. Ka toshe taga da ƙofa da leda, ka yayyafa ruwa a ƙasa ƙura ta kwanta, ka kashe fanka. Da ka gama ka kashe ƙwan lantarki, in ba haka ba da safe za ka tarar da ƙwari sun yi sahu a cikin farin. Duk mai fesa maganin sauro ko turaren ɗaki a kusa a hana shi, shi da gam ɗin silikon, su ne ke sa rezin ya buɗe 'yan ramuka kamar idon kifi. Zubi na gaba in ya wuce awa 24, goge da 220, share da barasar asibiti, sannan ka zuba.

Injiniyan Sinadarai

Baba ya rufe maganar shimfiɗa. Abin da zan ƙara shi ne abin da ko mai tsadar ba zai yi maka ba, don ka faɗa wa masu gida tun kafin ka karɓi kuɗi.

Efoksin da ya daskare a zafin ɗaki yana fara laushi a wajen digiri 50 zuwa 60. Za ka ga an rubuta a galan cewa yana jure digiri 200 ko fiye. Abin da suke nufi ba zai ƙone ba in abu mai zafi ya taɓa shi na ɗan lokaci, ba wai ba zai yi tabo ba. Tukunyar tuwo da aka sauke daga wuta, ko kaskon suya, zai bar zobe a mai araha da mai tsada duka. Maganin a tsarin kantar yake: ka dasa guntun giranit ko farantin ƙarfe marar tsatsa, kamar santimita 40 sau 40, a gefen murhu, inda hannu zai sauke tukunya ko ba a yi tunani ba. Bakin ramin murhun kuma ka liƙa masa tef na alminiyam. Wannan guntun dutsen ya fi duk wani ƙarin kuɗi da za ka zuba a rezin amfani.

Na biyu, karce. Efoksi mai sheƙi yana nuna sawun kwano da soson ƙarfe cikin 'yan watanni. Kuɗin da Baba ya tsirar maka da firaima ka mayar da shi kan shafin ƙarshe na foliyuritan mai haɗi biyu, irin wanda ba ya rinewa, mai dishi-dishi ba mai sheƙi ba. Siriri ne, lita ɗaya tana rufe murabba'in mita 8 zuwa 10, don haka lita ɗaya ta ishe ka shafi biyu. Ya fi efoksi jure karce da tabon manja, kuma in ya tsufa shi kaɗai za a goge a sake. Nemi na rola. Kiliyar mota, shafin sheƙi marar launi da ake fesawa a kan fentin mota, dangi ɗaya ce da shi, amma fesa ta a rufaffen kicin da takunkumin ƙyalle haɗari ne ga huhu, kuma ba a yi ta don wurin abinci ba. Ka duba takardar kowanne ko an ambaci ƙa'idar Amurka ta 21 CFR 175.300, ita ce ta shafi fentin da abinci ke taɓawa, kuma sai bayan ya gama daskarewa take aiki. Duk da haka ba a yanka a kai, a sa katakon yanka.

Wajen ciniki, lissafa a murabba'in mita na gamammen aiki, ba a kilo ba, ka sa har safar hannu ta naitiril, bokitai, leda, samfefa da gas. Ka kuma sa kwanakin: uku na zubi, awa 72 kafin a ɗora komai, kwana 7 kafin a fara girki sosai. In zubi ya ƙi daskarewa ba a gyara shi da wani zubin, sai an kankare duka, sau da yawa har katakon ya tafi, ka sayi komai sau biyu daga aljihunka. Wannan shi ne ainihin farashin jarkar da ba a gwada ba. In ka haɗa jimillar, je ka tambayi masu giranit nawa za su yi kantar nan, ka kai wa maigida duka biyun. Yana iya yiwuwa su zo kusa da juna. In uwargida ta ga haka ta ce har yanzu fari marar mahaɗi take so, ta zaɓa da saninta, kai kuma ka nemi a sa labule ko takardar tare rana a tagar yamman.

Mai Faiba

Ƙari kaɗan kan sayen mai sunan. Duba ranar da aka yi shi, ka ɗaga galan ɗin hadina a haske. In ta riga ta yi ruwan shayi a cikin galan, ta daɗe a shago mai zafi, za ta yi tauri amma farinka ya tafi tun ranar farko. Ka sayi kilo 13 ɗin gaba ɗaya daga kwali ɗaya, mai lambar haɗi ɗaya, kada ka sayi rabi yau rabi wani sati. In rezin ya taɓa maka fata, sabulu da ruwa, ban da tina, tina tana tura shi cikin fata ne, kuma wanda jikinsa ya fara ƙaiƙayin efoksi ba ya rabuwa da shi. Tef ɗin da ka liƙa a ƙarƙashin baki don tare ɗigo, cire shi bayan awa uku zuwa huɗu, rezin yana kamar cingam. In ka bari ya kwana sai da giranda.